Boondocking: kwanan filin kanti da kwanan zango a wurin masu motar gida a Amurka

A Amurka akwai wata irin mota da suke kira RV, wadda gida ce sukutum a kan tayoyi. A cikinta akwai gado, murhun gas, firji, wurin wanke-wanke da banɗaki. Wasu girmansu ya kai na babbar bas, tsawon ƙafa 40 ko fiye, wasu ƙananan bas ne da aka gyara, wasu kuma ba su da inji, sai an ɗaura su a bayan a-kori-kura an ja. Yawancinsu a jihar Indiana ake haɗa su, musamman yankin Elkhart. A 2021, lokacin da korona ta sa mutane gudun jirgi da otal, masana'antun sun fitar da kimanin 600,000 cikin shekara guda. Kowace daga cikin waɗannan motoci, idan dare ya yi, dole a sama mata wurin tsayawa. A nan ne kalmar boondocking take shigowa bakin masu su.

Abin da suke nufi da ita shi ne kwana a cikin motar ba tare da an jona ta da komai daga waje ba. Babu wayar lantarki, babu tiyon ruwa, babu magudanar ƙazanta. Motar za ta rayu da abin da ta ɗauko kawai. Tankuna uku gare ta: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bayan gida. Wuta kuwa daga batir take zuwa, ko janareta, ko farantin sola da ke saman rufi. Ran da ruwan sha ya ƙare, ko tankin bayan gida ya cika, boondocking ya ƙare, dole a nemi wurin juye ƙazanta da ɗiban ruwa. Da farko kwanan daji ake nufi da kalmar, irin wanda ake yi a filayen gwamnatin tarayya na yammacin ƙasar, inda hukumar BLM mai kula da filayen ke barin mutum ya zauna kyauta har kwana 14 kafin ya matsa gaba. Garin Quartzsite na jihar Arizona ya yi suna a wannan, don duk hunturu motoci dubbai ke cika hamadar da ke kewaye da shi. Yanzu kuwa kalmar ta faɗaɗa, har wanda ya kwana a kan kwalta gaban kanti yana cewa boondocking ya yi.

Kishiyarsa shi ne sauka a zango na kuɗi. Zango na ce, don aikinsa kusan ɗaya ne da na fatake: wuri ne da aka tanada domin matafiyi ya sauke kaya ya huta. Kowace mota na da nata gurbi, da turken lantarki mai amp 30 ko 50, da famfo, a wasu wuraren har da bututun da ke kwashe ƙazanta kai tsaye. Akwai ɗakunan wanka, injin wanki, teburin cin abinci a waje da wurin hura wuta. Wasu na gwamnatin jiha ne ko na gandun daji na ƙasa, wasu na 'yan kasuwa, irin su KOA da aka kafa a Billings ta jihar Montana a 1962, wanda yanzu ke da rassa sama da 500. Sai dai kuɗin dare ɗaya kan kai dala 40, 60, har ya haura 100 a wuraren shaƙatawa, kuma a lokacin zafi, idan ba ka kama gurbi tun da watanni ba, da wuya ka samu.

To mutumin da ya taso daga Chicago zai je Arizona, tafiyar kwana uku ko huɗu, me zai yi da wurin hura wuta? Ƙarfe tara na dare zai iso a gajiye, ƙarfe shida na safe ya tashi. Barci kawai yake so. Ya biya dala 60 don awa tara, bayan ya bar babbar hanya ya yi ta lalube a cikin duhu, wannan asara ce a ganinsa. Filin ajiye motoci na babban kanti kuwa yana bakin hanya, shimfiɗaɗɗe, ga fitilu, ga kyamarori, kuma da dare babu kowa a cikinsa.

Walmart, kamfanin manyan kantuna, shi ne ya fi shahara da wannan, har masu motocin suka laƙaba wa kwanan filinsa suna na musamman, Wallydocking. Matsayin kamfanin a fili yake: ba ya ba da wuta ko ruwa, amma yana barin motocin gida su kwana inda hali ya yi, kuma manajan kowane reshe ne ke da iznin cewa e ko a'a, gwargwadon girman fili da dokar garin. Gidajen abinci na Cracker Barrel, kantunan kayan farauta na Cabela's da Bass Pro Shops, wasu gidajen caca, da gidajen man manyan motoci irin su Love's da Pilot Flying J duk sukan yarda a rassa da dama. Ba sadaka suke yi ba. Wanda ya kwana a ƙofarka, a wurinka zai sayi burodi, madara da gas ɗin girki kafin ya kama hanya.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, alfarma ce ake yi wa matafiyi, ba haƙƙinsa ba ne. Ƙungiyar Escapees, wadda aka kafa a 1978 domin masu zama a motocin nan, ta daɗe tana yaɗa ƙa'idojin maƙwabtaka ga mambobinta, kuma duk wanda ya karanta su zai ga hankali ne tsagwaronsa. Ka nemi izni kafin ka tsaya. Dare ɗaya kawai. Kada ka buɗe rumfa, kada ka fito da kujeru ko abin gasa nama. Kada ka sauke jak a kan kwalta, don nauyin mota kan lotsa ta, musamman a lokacin zafi. Ka sayi wani abu a kantin, kuma kada ka bar ko leda ɗaya a ƙasa. Duka ƙa'idojin abu guda suke karewa: mai wucewa ya ga mota a ajiye, kada ya ga gida an kafa.

Wannan iyakar ce mutane ke tsallakawa, kuma ita ce ke rufe ƙofofi. Wani zai yi sati biyu a fili ɗaya, ya shanya wanki, ya bar janareta na ruri har asuba. Wani, abin takaici, zai buɗe tankin ruwan dauɗa ya sake shi cikin kwatar da aka yi domin ruwan sama. Manaja ɗaya ya gamu da irin wannan sau biyu, washegari sai allon hana kwana ya hau turke, kuma ba ya saukowa. Garuruwa da yawa sun kafa nasu dokokin hana kwana a mota, musamman a gaɓar tekun California da Florida da kusa da wuraren yawon buɗe ido, ta yadda ko manaja ya so, babu yadda zai yi. Masu zangon kuɗi ma suna da ƙorafi, kuma ba shirme ba ne: su ke biyan haraji da lasisi, su ke shan binciken tsafta, ga wani ya ba da kwana kyauta a gefensu. Wani abin da ya rage daɗin filin shi ne tun 2020 Walmart ya daina kwana a buɗe, don haka bayan an rufe babu banɗaki.

Akwai kuma hatsarin da ba a cika faɗa ba. A cikin hayaƙin janareta akwai wata iska mai guba wadda ba ta wari amma tana kisa, kuma idan motoci suka matsu da juna, hayaƙin maƙwabci kan shigo ta taga. A filin kanti babu mai rajistar wanda ya shigo, babu ƙofar da ake rufewa. Shi ya sa tsofaffin hannu ke ajiye mota da gabanta a hanyar fita, makulli a kusa.

A ganina, ga ɗan fansho mai motar dala dubu ɗari, rufe filin kanti ƙaramar damuwa ce. Zai biya zango, ko ya shiga tsarin Harvest Hosts, inda da kuɗin shekara mutum ke kwana a gonaki da gidajen tarihi. Wanda abin ke ci shi ne mutumin da motar ce kaɗai gidansa, don kuɗin haya ya fi ƙarfinsa. Akwai su da yawa, wasu ma suna da aikin yi, suna tashi daga motar su tafi. Wannan ba zai iya dala 50 kowane dare ba, kuma zangon kuɗi da dama ba sa karɓar motar da ta haura shekara 10. A watan Yuni na 2024 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar garin Grants Pass na jihar Oregon, ta yanke cewa garuruwa na iya hukunta masu kwana a wuraren jama'a, abin da ya ƙara ƙunci ga irin waɗannan. Wasu garuruwan sun zaɓi wata hanya. A Santa Barbara ta California, tun 2004 ake da shirin da ke ware filayen coci-coci da ofisoshi da dare domin masu kwana a mota, da rajista da banɗaki da ma'aikatan da ke taimaka musu neman ɗaki, kuma wasu biranen sun kwaikwaya. Guraben ba su kai yawan masu nema ba, shi ya sa har yanzu da yawansu ke shiga kanti da yamma su tambayi manaja ko za a bar su su kwana.