Hostin: masaukin shafin intanet

Hostin shi ne hayar wuri a kan wata kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, wadda take haɗe da intanet, don a ajiye fayilolin shafi a kai, duk wanda ya rubuta adireshin shafin a burauzarsa sai ita kwamfutar ta miƙo masa abin da ya nema. Wannan kwamfutar ita ake ce wa sabar, wanda ke ba da hayarta kuma shi ne kamfanin hostin. Mutane da yawa suna ɗauka hostin da domen abu ɗaya ne tunda yawanci wuri ɗaya ake sayensu kuma rana ɗaya, amma ba ɗaya ba ne. Domen suna ne kawai, wato adireshin da ake rubutawa a burauza, hostin shi ne ɗakin da kayan suke ciki. Kana iya tashi daga wannan ɗaki ka koma wancan da sunanka a hannu. Kuma duk biyun haya ce, ba wanda ake saya a mallake shi har abada, lokaci na cika sai an sabunta.

Asali

Sabar ta farko ta yanar gizo kwamfutar NeXT ce da Tim Berners-Lee ya yi aiki da ita a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janiba a 1990, har an liƙa mata takarda da jan rubutu cewa sabar ce kar wanda ya kashe ta, don in aka kashe ta shafin ya tafi kenan. Tsarin sunaye na DNS, wanda ke haɗa sunan domen da kwamfutar da ke ɗauke da shi, ya ma riga ta, Paul Mockapetris ne ya tsara shi a 1983, domen na farko mai .com kuma, symbolics.com, an yi masa rijista a watan Maris na 1985. A farkon lamarin jami'o'i da manyan kamfanoni ne kaɗai ke da sabar tasu. Daga baya kamfanoni irin su GeoCities, wanda aka kafa a 1994, suka fara bai wa talaka wuri kyauta, Yahoo ta saye shi a 1999 sannan ta rufe shi a Amurka a 2009, shafukan mutane masu ɗimbin yawa suka salwanta in ban da waɗanda 'yan sa kai suka yi ta kwafewa kafin ranar rufewa. Manhajar Apache ta fito a 1995, Nginx ta Igor Sysoev a 2004, manhajojin da ake girkawa a sabar don ta miƙa shafuka ne, har yau su ne ke ɗauke da babban kaso na shafukan duniya. A 2006 Amazon ta fara ba da hayar sabar da awa, daga nan maganar kilawud, wato hayar ƙarfin kwamfuta ta intanet gwargwadon buƙata, ta bazu.

Ire-irensa

Wanda aka fi sani kuma mafi araha shi ne hostin na tarayya, wato sabar ɗaya a zuba mata shafuka ɗaruruwa kowa da ɗan sashensa, kamar gidan haya mai ɗaki-ɗaki da ake tarayya a famfo da banɗaki. Kamfanin ne ke kula da injin, kai naka shi ne ka shiga cPanel, wato allon sarrafa hostin ɗin, ko makamancinsa ka ɗora kayanka. Matsalarsa ita ce maƙwabta, in shafin wani ya sami cunkoso ko aka yi masa kutse ya fara watsa imel ɗin banza, naka ma zai iya yin nauyi ko a saka adireshin IP ɗinku, wato lambar da ake gane sabar da ita a intanet, gaba ɗaya cikin baƙin littafi. Duk da haka ga sabon shafi na makaranta ko shago ko ƙungiya ko marubuci, gaskiya wannan ya wadatar, kuma a ganina kuskure ne mutum ya tsallake shi ya tafi babba don kawai ya ji sunan babban ya fi daɗi.

Sai VPS, shi ma sabar ɗaya ce amma an yanka ta da manhaja zuwa ƙananan sabobi, kowace da nata RAM da ƙarfin sarrafawa da nata tsarin, yawanci Linux. A nan kai ne mai gida, kana da iko da komai, amma fa komai a wuyanka yake: sabunta tsaro, saita katangar kariya, gyara idan ya tsaya da ƙarfe biyun dare. DigitalOcean da Hetzner na Jamus suna cikin waɗanda aka sani da shi. Akwai wanda kamfani ke kula maka da shi, ya fi tsada, amma ga wanda bai iya rubuta umarni a baƙin allo ba shi ne mafita, don VPS ɗin da aka bari wata shida ba a sabunta ba ƙofa ce a buɗe.

Sama da wannan akwai hayar sabar sukutum kai kaɗai, da kuma kai injinka ka ajiye a cibiyar adana bayanai su ba ka wuta da sanyi da intanet, waɗannan na bankuna ne da manyan gidajen labarai. Kilawud irin na Amazon da Google da Microsoft kuwa gwargwadon abin da ka ci za ka biya, yana faɗaɗa da kansa idan jama'a sun yi yawa, sai dai lissafinsa na da ruɗani kuma wanda bai saka iyaka ba zai iya wayar gari da bil ɗin da bai taɓa zato ba. Shafin da rubutu ne da hotuna zalla, ba rumbun bayanai a bayansa, ana iya ɗora shi kyauta a GitHub Pages ko Cloudflare Pages.

Abin da ake dubawa kafin a biya

Farashin da ke rubuce da manyan lambobi a fuskar talla kusan kullum na zangon farko ne, kuma sau da yawa sai ka biya shekara biyu ko uku a dunƙule kafin ka same shi. Na sabuntawa yana can ƙasa da ƙananan haruffa, yana iya ninkawa biyu ko uku, to shi ne ainihin kuɗin hayar, shi za a duba. Haka domen ɗin kyauta da ake haɗa maka, na shekarar farko ne kawai.

Kalmar nan da suke yawan sakawa cewa wuri ko data ba iyaka, ba a ɗaukarta a zahirinta. Ba faifan da ba shi da iyaka. In ka karanta sharuɗɗan za ka tarar an ƙayyade yawan fayiloli da ƙarfin sarrafawa da RAM da yawan mutanen da za su iya shiga lokaci ɗaya, kana wuce su shafin ya fara nuna kuskure ko a dakatar da kai. Ƙaramin shafin WordPress, wato manhajar haɗa shafi, da wuya ya cinye gigabait biyu a shekarar farko in dai ana rage nauyin hotuna, bidiyo kuma a bar shi a YouTube a saka mahaɗinsa kawai.

Sai alƙawarin cewa sabar za ta kasance a kunne kashi 99.9 cikin ɗari. Lissafinsa mai sauƙi ne, shekara awa 8,760 ce, kenan sun yarda shafinka zai iya faɗuwa kusan awa 9 a shekara, wajen minti 43 a wata. Kashi 99 kuwa ya haura kwana uku da rabi a shekara. Kuma diyyar da ake biya in sun saɓa yawanci ragin kuɗin haya ne, ba asarar cinikin da ka yi ba. Masu taimakon kwastoma ma ana gwada su tun kafin a biya, ka tura musu tambaya da daddare ko ranar Lahadi ka ga yaushe za su amsa kuma mutum ne ya karanta ko amsar haddace ce.

Ga wanda ke Najeriya maganar kuɗin biya ma babba ce. A 2022 bankuna da dama sun rage ko sun dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira, sannan bayan sakin farashin canji a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu har ta haura naira 1,500 a 2024, waɗanda hostin ɗinsu ke kamfanonin waje irin Namecheap ko Hostinger ko GoDaddy suka ga kuɗin sabuntawa ya ninka musu ba tare da kamfanin ya ƙara ko sisi ba. Kamfanonin gida suna karɓar naira ta taransfa, wannan sauƙi ne na gaske, sai dai da yawansu su ma sabar waje suke haya su yanka su sayar, don haka a tambaye su kai tsaye ina injin yake.

Inda sabar take

Haske a cikin wayar faiba yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Kebul ɗin ƙarƙashin teku na MainOne da ya fara aiki a 2010 tsawonsa kilomita 7,000 ne daga Fotugal zuwa Legas, zuwa da dawowa kawai ya ci wajen kashi 7 cikin ɗari na daƙiƙa, ban da hanyar Legas zuwa Kano ko Sakkwato, kuma buɗe shafi ɗaya yana buƙatar irin wannan kai-komo da yawa. Shi ya sa sabar da ke Landan ko Farankfot ta fi ta yammacin Amurka sauri ga mai karatu a yammacin Afirka. Nijar da Chadi da ba su da teku ta ƙasashen maƙwabta suke samun nasu layin, tafiyar ta ƙara tsawo kenan. Microsoft ta buɗe cibiyoyinta a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon a Kef Tawun a 2020, Google a Johannasbag a 2024, a Legas kuma akwai Rack Centre da cibiyar MDXi ta MainOne wadda Equinix ta saya a 2022. Ranar 14 ga Maris 2024 da kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar yammacin Afirka, mutane da yawa suka gane amfanin shafi ya kasance a cikin ƙasa yana bi ta IXPN, mahaɗar kamfanonin intanet na Najeriya. Wanda sabarsa ke nesa yana iya saka Cloudflare a gaba, tana da tsarin kyauta, tana ajiye kwafin hotuna da fayiloli kusa da masu karatu.

Yadda ake saitawa

Da farko a yi rijistar domen. Na Najeriya .ng ne kuma ƙungiyar NiRA ce ke kula da shi ta hannun dillalan da ta amince da su, .com.ng ya fi araha kuma da naira ake biya. Nijar .ne, Gana .gh, Kamaru .cm, Chadi .td, Sudan .sd. Bayan an biya hostin kamfanin zai turo imel mai ɗauke da sunayen sabar DNS ɗinsa guda biyu ko fiye, sai a je inda aka yi rijistar domen a saka su. Ko kuma a bar DNS a inda yake a gyara bayanan da hannu: A yana nuna adireshin IP na sabar, CNAME yana mayar da www zuwa babban sunan, MX na imel ne. Canjin yakan kama cikin mintuna ko 'yan awanni amma yana iya kai kwana biyu, to kar mutum ya yi ta sauye-sauye don ya ga bai buɗe ba, haƙuri ake yi.

Fayilolin shafi suna shiga foldar public_html, shafin farko sunansa index.html ko index.php. Mai amfani da WordPress, manhajar da Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003 wadda yanzu ke ɗauke da sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya, yawanci dannawa ɗaya ce ta Softaculous, manhajar girkawa da ke cikin cPanel, ta ƙirƙiri rumbun bayanai ta girka komai. Kar a bar sunan mai shiga a admin, a saka doguwar kalmar sirri da tabbaci mataki biyu, fulogin ɗin sata, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa WordPress, da ake rabawa a guruf kuwa sau da yawa da ƙofar ɓarawo a cikinsa yake zuwa.

Sai shaidar SSL, ita ce ke mayar da adireshi https, wato ta ɓoye bayanan da ke tafiya tsakanin shafi da mai karatu. Let's Encrypt tana ba da ita kyauta tun ƙarshen 2015, ta kwana 90 ce mai sabunta kanta, kuma tun Yulin 2018 burauzar Chrome ke nuna wa mutane cewa shafin da ba shi da ita ba amintacce ba ne. Kamfanin da har yanzu ke neman kuɗi daban a kan wannan ga ƙaramin shafi, ni dai ban ga dalilin zama da shi ba. Mai son imel da sunan domen ɗinsa sai ya saita SPF da DKIM da DMARC, bayanan DNS da ke shaida cewa saƙon daga gare shi ya fito, don tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara, saƙon da ba shi da shaida yana faɗawa kwandon shara ko a dawo da shi.

Kwafin ajiya da mallakar suna

A daren 10 ga Maris 2021 gobara ta tashi a cibiyar OVHcloud da ke Sitirasbog a Faransa, gini ɗaya ya ƙone ƙurmus, miliyoyin shafuka suka ɗauke, kuma wasu kwastomomi sun rasa bayanansu kwata-kwata saboda kwafinsu ma a wannan harabar yake. Kwafin da ke kan sabar ɗaya da shafin, ko a kamfani ɗaya kawai, bai isa ba. Ana sauke fayiloli da rumbun bayanai duka biyun, a ajiye a kwamfuta da kuma wani wuri daban irin Google Drive, sannan lokaci-lokaci a gwada mayar da shi a gani ko yana tashi.

Abin da ya fi cin mutane a wajenmu kuwa shi ne a bai wa wani yaro mai haɗa shafi kuɗi ya yi rijistar domen da imel ɗinsa da sunansa, bayan shekara biyu ya canza lamba ko aka saɓa, makaranta ko asibiti ko jarida ta wayi gari ba ta da iko da sunanta, saƙon tunin sabuntawa ma can yake zuwa wajensa. Mai shafi ne ya kamata ya buɗe akawun da imel ɗin da yake dubawa kullum, shi ya riƙe kalmar sirri, mai aikin a ba shi izinin shiga kawai. Domen irin .com in ya ƙare akwai ɗan wa'adin sabuntawa da farashin da aka saba, daga nan sai kwana 30 na fansa da tara mai tsada, bayan nan a sake shi kasuwa kowa ya iya saya. Mai son mayar da domen ɗinsa wani kamfanin zai nemi lambar EPP, wato lambar sirrin ɗauke domen, daga tsohon, kuma ba a yarda a ɗauke shi ba sai ya cika kwana 60 da rijista.