Dokokin Miyagun Ƙwayoyi da Muhawarar Hukunci a Jihar Kaduna

Muhawarar hukuncin miyagun ƙwayoyi a Jihar Kaduna taƙaddama ce tsakanin jami'an tsaro, likitoci, malaman addini, lauyoyi da iyaye kan abin da ya kamata a yi da wanda aka kama yana shaye-shaye: a ɗaure shi, a yi masa magani, ko a haɗa biyun. Babbar dokar da ke hukunta laifin ta tarayya ce, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin shari'ar, don haka gwamnatin jiha ba ta da ikon soke hukuncin. Abin da ke hannunta shi ne asibiti, rigakafi, da yadda kotunanta ke tafiyar da ƙananan laifuffuka. Shi ya sa a Kaduna ba a cika jayayya kan haramcin ƙwaya ba, kusan kowa ya yarda da shi. Inda ake rabuwa shi ne makomar mashayin bayan an kama shi.

Tarihin dokokin

Dokar farko da ta shafi lamarin ita ce ta magunguna masu haɗari, wadda Turawan mulkin mallaka suka kafa a 1935. A lokacin tabar wiwi ba ta yaɗu ba. An fi danganta yaɗuwarta da sojojin da suka dawo daga Indiya da Bama bayan Yaƙin Duniya na Biyu da kuma ma'aikatan jiragen ruwa, kodayake wasu masana tarihi na ganin an zuzuta rawar sojojin. A Arewa kuwa, abin da ya fara damun hukuma shi ne ƙwayoyin hana barci da ƙara kuzari, waɗanda direbobi da leburori da manoma suka riƙa sha a shekarun 1960 da 1970 don jure aiki.

Tsananin hukunci ya soma ne da mulkin soja. A 1966 gwamnatin Janar Aguiyi-Ironsi ta kafa dokar tabar wiwi, wadda ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga wanda ya noma ta, da ɗaurin shekara 10 ga wanda ya sha ko aka same shi da ita. Duk da dokar, noman bai tsaya ba. A 1975 aka yi mata gyara, aka cire kisa, aka sassauta hukuncin mai sha zuwa ɗaurin wata shida ko tara. Wannan gyaran shi ne karo na farko da gwamnatin Najeriya ta ja da baya daga tsanani da kanta, kuma masu neman sassauci a yau kan kafa hujja da shi.

Sassaucin bai yi nisa ba. A farkon shekarun 1980 Legas ta zama mashigar hodar iblis da tabar heroyin da ake wucewa da su Turai da Amurka. Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta mayar da martani da Doka ta 20 ta 1984, wadda ta tanadi kisa ta hanyar harbi ga masu fataucin hodar. A watan Afrilun 1985 aka harbe mutum uku a Legas. Abin da ya fi tayar da ƙura shi ne an yi wa dokar aiki da baya, wato ta hau kan laifin da aka aikata kafin a kafa ta, kuma ƙungiyar lauyoyi da shugabannin addini sun yi tir da hakan. Bayan Janar Ibrahim Babangida ya karɓi mulki, an maye gurbin kisan da ɗauri a 1986.

A ƙarshen 1989 aka kafa Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi ta Ƙasa, NDLEA, da Doka ta 48, shekara guda bayan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1988 kan fataucin ƙwaya. Dokar hukumar ce ke aiki har yanzu. Ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da ƙwaya ko sarrafa ta ko fataucinta, sannan ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda ya mallake ta ko ya sha. Ba ta kafa wani ma'auni na nauyi da zai raba mai ƙulli ɗaya na sha da mai buhu na sayarwa ba, kuma wannan giɓin ne tushen yawancin muhawarar. A aikace alƙalai kan yanke hukuncin da bai kai haka ba, sau da yawa da zaɓin tara, ita kuma hukumar kan yi wa masu sha da dama nasiha ta sallame su ba tare da kai su kotu ba. Ke nan sa'ar mutum ta dogara ne da jami'in da ya kama shi da alƙalin da ya faɗa hannunsa.

Yawan masu sha da abin da ake sha

Binciken da ya fi kowane faɗi shi ne wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwaya da laifuffuka, aka wallafa a farkon 2019. Ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wata ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, wato kashi 14.4 cikin ɗari. Miliyan 10.6 wiwi suka sha, miliyan 4.6 magungunan kashe zafi irin su tiramol, miliyan 2.4 kuma maganin tari mai kodin. Ɗaya cikin kowane mutum huɗu masu shan mace ce. An sa Jihar Kaduna a kan kusan kashi 10 cikin ɗari, ƙasa da Kano mai kashi 16.

Wiwin da ake sha a Kaduna yawanci daga dazukan Ondo, Edo da Delta ake kawo shi, kuma hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya da Kano na cikin manyan hanyoyin da ake bi da shi. Bayan wiwi da tiramol da kodin akwai roci da sauran ƙwayoyin sa barci, da sholisho, da madarar sukudaye, da zaƙami. Da yawa daga cikin waɗannan ba haramtattu ba ne a asalinsu. Wasu magani ne na asibiti, sholisho kuwa kayan aikin mai faci ne, don haka dokar da aka rubuta domin hodar iblis ba ta zauna musu daidai ba. A ranar 1 ga Mayun 2018, kwana guda bayan wani binciken BBC, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Kuɗinsa ya tashi, wasu masu shan suka koma wasu abubuwan.

Masu nazarin birnin kan haɗa yaɗuwar shaye-shaye da durƙushewar masaƙun Kakuri, inda masaƙar Kaduna ta farko ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL kuma a 2007, da kuma yadda 'yan siyasa ke amfani da 'yan shara da 'yan sara-suka lokacin zaɓe.

Gidajen mari da samamen Rigasa

Tun kafin a sami asibitin ƙwaƙwalwa, iyaye a ƙasar Hausa kan kai yaron da ya gagara wurin malami a sa masa mari, ya yi karatu har ya natsu. Da shaye-shaye ya yawaita, wasu daga cikin waɗannan wurare suka rikiɗe zuwa manyan gidajen tsare mutane da ake biyan kuɗi, inda ake haɗa mashayi da mai taɓin hankali da yaron da kawai ba ya jin magana. Babu kotun da ta tura su, babu likitan da ke duba su, babu kuma ranar fita sai yadda mai gidan da dangi suka ga dama.

A ƙarshen watan Satumbar 2019 'yan sanda suka kai samame wani gida a Rigasa, suka fito da maza da yara kimanin 300, wasu rahotanni sun ce adadin ya fi haka. An ga da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka, wasu kuma suka ba da labarin yunwa da cin zarafi. An kwashe su zuwa sansanin alhazai kafin a nemo danginsu. A watan Oktoba aka rufe wata cibiyar a unguwar, inda aka fitar da mutum 147, har da mata, a cikin watan kuma aka yi irin wannan samame a Zariya da Daura da Katsina.

Abin da ya biyo baya ya nuna zurfin matsalar fiye da samamen kansa. Wasu iyaye sun fito sun ce da hannunsu suka kai 'ya'yansu, kuma da kuɗinsu, domin ba su da inda za su kai su. Kai ɗa ga hukuma na nufin shari'a da tabon gidan yari da abin kunya ga dangi. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana da sashen masu shaye-shaye, amma gadajensa ba su isa ba, kuma kuɗin jinyar watanni ya fi ƙarfin talaka. Gidan horon yara na Bostal da ke Kaduna, ɗaya daga cikin ƙalilan a ƙasar, an gina shi ne domin matasan da suka yi laifi, ba domin jinya ba. Gidan mari ya rayu ne a tsakanin waɗannan ƙofofi da suka yi wa mutane tsauri, kuma rufe shi bai buɗe ko ɗaya daga cikinsu ba.

Matsayin fiƙihu

Malamai sun haɗu kan haramcin duk abin da ke gusar da hankali, amma sun daɗe da saɓani kan hukuncinsa. A mazhabar Malikiyya haddin shan giya bulala 80 ne. Game da wiwi da makamantansa, malamin Malikiyya na Masar, Shihabuddin Alƙarafi, ya raba abin da ke sa maye da nishaɗi irin na giya da abin da ke ɓata hankali ko sa barci, ya sa wiwi a kashi na biyu, inda babu haddi sai ta'aziri gwargwadon ganin alƙali. Ibn Taimiyya ya tafi a kan cewa a yi wa mai shansa haddi kamar mashayin giya. A duka ra'ayoyin biyu babu ɗaurin shekaru masu yawa ga mai sha, abin da wasu malaman ke nunawa idan ana maganar dokar tarayya. Game da dillalai kuwa, akwai masu wa'azi da ke ganin laifinsu ɓarna ce a bayan ƙasa da ta cancanci hukunci mafi tsanani. Kaduna ta kafa dokar laifuffuka ta shari'ar Musulunci a 2002 zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi, amma shari'o'in ƙwaya sun ci gaba da zama a hannun kotun tarayya.

Ɓangarorin muhawara

Masu goyon bayan tsanani, waɗanda suka haɗa da shugabannin NDLEA da yawancin masu unguwanni da 'yan sintiri, na cewa ƙwaya ce ke rura wutar ƙwacen waya da sara-suka da ta'asar 'yan bindiga a dazukan Birnin Gwari, kuma sassauci zai zama tamkar ba da lasisi. Suna ƙara da cewa ƙasar da ba ta da isassun cibiyoyin jinya, in ta daina kamu ba ta bar wa unguwa komai ba.

Ɗaya ɓangaren, galibi likitocin ƙwaƙwalwa da lauyoyin kare haƙƙi, na neman a cire sha da mallakar ɗan abin sha daga jerin laifuffukan ɗauri, a bar fatauci a matsayin babban laifi. Wannan ba halasta ƙwaya ba ne, ko da yake ana yawan cakuɗa su a zance. Hujjarsu ita ce kamu ya fi faɗawa kan ɗan talaka, gidajen gyaran hali sun cika, kusan kashi biyu cikin uku na mazauna cikinsu jiran shari'a suke, kuma tsoron kamu na hana mutane neman magani, musamman matan aure da 'yan mata masu shan kodin a ɓoye. Hukumar Yammacin Afirka kan ƙwaya, wadda Kofi Annan ya assasa kuma Olusegun Obasanjo ya shugabanta, ta ba da irin wannan shawara a rahotonta na 2014.

Kowane ɓangare na da misalinsa na waje. Fotugal ta daina gurfanar da mai ƙwayar da ba ta wuce ta shan kwana 10 ba tun 2001, sai dai a tura shi gaban wani kwamiti na ma'aikatan lafiya da shari'a da walwala, kuma kamuwa da cutar ƙanjamau tsakanin masu allura ya ragu ƙwarai. Gana ta mayar da hukuncin mai sha zuwa tara a dokarta ta 2020. Jihar Oregon ta Amurka kuwa ta cire hukuncin a ƙuri'ar 2020, sannan ta dawo da shi a 2024 bayan koke-koke kan shaye-shaye a bainar jama'a.

Hukumomin jiha

A zamanin Gwamna Nasiru el-Rufa'i jihar ta kafa hukumarta ta rigakafi da jinyar shaye-shaye, KADBUSA, wadda aka faɗaɗa a zamanin Gwamna Uba Sani ta haɗa da lafiyar ƙwaƙwalwa. Hukumar na aiki da kotuna kan tsarin tura masu ƙananan laifuffuka da ke fama da ƙwaya zuwa jinya da koyon sana'a maimakon ɗauri. Tsarin ya jingina ne da dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka da jihar ta kafa a 2017, da dokar gidajen gyaran hali ta tarayya ta 2019, waɗanda suka amince da hukuncin da ba na tsarewa ba, kamar aikin al'umma.

Yunƙurin gyaran doka

Tsohon gwamnan Ondo, Rotimi Akeredolu, ya yi ta kiran a ba da izinin noman wiwi domin magani da fitarwa waje. Ƙudurin da aka kai Majalisar Wakilai kan haka ya gamu da adawa mai ƙarfi a 2023, aka jingine shi.

A watan Mayun 2024 Majalisar Dattawa ta amince da dawo da hukuncin kisa ga masu sarrafawa da fataucin ƙwayoyi masu haɗari, duk da ƙorafin wasu sanatoci kan yadda aka kaɗa ƙuri'ar. Majalisar Wakilai ta tsaya kan ɗaurin rai da rai, kuma shi aka ɗauka da aka daidaita ƙudurin. A watan Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ƙi sa hannu, bisa dalilin cewa sashen da ya ba hukumar damar riƙe wani kaso na dukiyar da aka ƙwace ya saɓa wa ƙa'idar zuba kuɗin a asusun gwamnati.