Tasirin Motsin Rai Kan Tunawa

Motsin rai mai ƙarfi shi ne yanayin da mutum ke shiga in ya razana ko ya fusata ko murna ta lulluɓe shi, zuciya na dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe da gumi, numfashi na fita sama-sama. Wannan yanayi na daga cikin abubuwan da suka fi tasiri kan abin da ƙwaƙwalwa za ta riƙe da wanda za ta zubar. Abin da masana suka gano a dunƙule shi ne, lamarin da ya girgiza mutum ya fi daɗewa a kansa, amma fa daɗewa daban, zama daidai daban, mutum zai iya rantsuwa da Allah kan abin da yake tunawa kuma ba ƙarya yake ba, amma ba haka abin ya faru ba.

Yadda abin ke gudana a jiki

Da zarar hankali ya tashi, wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda sai su sako sinadaran adirenalin da kotisol cikin jini. Shi kotisol kai tsaye yake shiga ƙwaƙwalwa, adirenalin kuwa ba ya iya ƙetarawa cikin sauƙi, sai dai ya aika saƙo ta wata doguwar jijiya da ake kira bagus, saƙon ya isa wani ɗan ƙaramin sashe mai suna amigdala, akwai shi a kowane ɓangare na ƙwaƙwalwa can ciki daura da kunne. Amigdala ita ce ke sanar da maƙwabciyarta hifokamfas, wadda aikinta shirya sabbin abubuwa don ajiya, cewa wannan fa ba na yarwa ba ne.

Wanda sunansa ya fi fitowa a wannan fage shi ne James McGaugh na Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine a Amurka. Shi da abokan aikinsa sun nuna cewa in aka koya wa ɓera wani abu, sannan aka yi masa allurar sinadarin da ke zaburar da jiki jim kaɗan bayan an gama, ya fi tunawa daga baya, in kuwa aka jinkirta allurar na wasu sa'o'i to ba ta yin komai. Ke nan tunawa kamar sabon siminti take, akwai ɗan lokacin da take ɗanye, abin da ya taka ta a lokacin shi ke barin sawu.

A 1994 Larry Cahill da McGaugh da wasu abokan aikinsu suka gwada a kan mutane. An nuna wa kowa hotuna iri ɗaya na wani yaro da mahaifiyarsa, sai dai labarin da ke rakiyar hotunan ya bambanta, wasu an ba su labari salin-alin, wasu kuma aka ce musu mota ta buge yaron har likitoci suka yi ta fama da ƙafafunsa a ɗakin tiyata. Kafin nan an ba wasu ƙwayar furofanolol, maganin hawan jini ne da ke toshe aikin adirenalin, wasu kuma aka ba su ƙwayar da babu magani a ciki. Bayan mako guda aka yi musu tambayoyi. Waɗanda ba su sha ainihin maganin ba sun fi tuna sashen labarin da hatsarin ya faru sosai, waɗanda suka sha kuwa wannan fifikon ya ɓace, alhali a labarin salin-alin maganin bai rage musu komai ba. Irin haka aka gani wajen wasu masu wata cuta da ba kasafai ake samunta ba, Urbach-Wiethe, wadda ke lalata amigdala: suna tuna abubuwa lafiya lau, amma mai ban tsoro da marar ban tsoro kusan duk ɗaya ne a wurinsu.

Ribar ma ba nan take take bayyana ba. Wasu masana biyu, Kleinsmith da Kaplan, a 1963 sun gano cewa abin da aka haɗa da kalmomi masu tayar da hankali an fi mance shi bayan 'yan mintuna, amma bayan mako sai ya zama shi aka fi tunawa.

Abin da ake asara

Tun 1959 wani masani mai suna Easterbrook ya kawo ra'ayin cewa tashin hankali na ƙuntata abin da mutum ke lura da shi, tsakiyar lamari ta fito sarai, gefe-gefe kuma su dushe. A 1987 Elizabeth Loftus da abokan aikinta sun nuna wa mutane hotunan wani mutum a gidan cin abinci, a wasu yana miƙa wa mai karɓar kuɗi takardar cak ta banki, a wasu kuma bindiga ya nuna mata. Waɗanda suka ga bindiga idonsu ya fi kafewa a kanta, da aka zo nuna fuskar mutumin sai suka fi yin kuskure. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga kotu da 'yan sanda, don wanda aka yi wa fashi zai iya siffanta maka bakin bindigar tiryan-tiryan amma fuskar ɗan fashin ta kuɓuce masa.

Tunawa irin ta filashin kyamara

Roger Brown da James Kulik ne suka raɗa wannan suna a 1977, bayan sun ga yadda Amurkawa ke ba da labarin inda suke, da wanda ya faɗa musu, da abin da suke yi, lokacin da suka ji an kashe Shugaba Kennedy a 1963. Su a ganinsu kamar hoto ne ƙwaƙwalwa ta ɗauka ta adana. A nan gida ma ka tambayi dattijo ranar da aka kashe Murtala a 1976 ka sha labari.

To amma hoton bai kai yadda aka zata ba. Ranar 28 ga Janairun 1986 kumbon Amurka mai suna Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa, mutum 7 da ke ciki suka mutu, washegari Ulric Neisser da Nicole Harsch suka sa ɗaliban Jami'ar Emory su rubuta yadda labarin ya riske su, suka adana takardun, bayan kusan shekara 3 suka sake tambayarsu. Da yawa labarinsu ya sauya, wasu ma gaba ɗaya, wanda ya rubuta cewa a aji ya ji sai ga shi yana cewa a ɗaki ya gani a talabijin, kuma da cikakken tabbaci. Abin mamakin ma, da aka nuna musu rubutun hannunsu, wasu sun yarda nasu ne amma suka ce su dai ba haka suke tunawa ba.

Talarico da Rubin na Jami'ar Duke sun yi makamancin haka washegarin harin 11 ga Satumban 2001, sai dai su sun haɗa da wani abin yau da kullum don kwatantawa. Sakamakon da suka fitar a 2003 ya nuna duka biyun suna zaizayewa kusan daidai wa daida, bambancin kawai shi ne tabbacin mutum kan labarin harin bai ragu ba. A ganina wannan ne binciken da ya fi fito da lamarin fili, motsin rai ya fi ƙarfafa yaƙini fiye da daidaito.

Lokacin ajiya da lokacin ɗaukowa

Kotisol ɗin da ke taimakawa wajen ajiya shi ne kuma ke kawo cikas wajen ɗaukowa. Dominique de Quervain da abokansa sun nuna haka a ɓeraye a 1998, sannan a mutane a 2000, an ba su sinadarin daf da gwaji sai yawan abin da suka iya tunowa cikin kalmomin da suka koya jiya ya ragu. Shi ya sa ɗalibi zai kwana yana karatu, ya shiga ɗakin jarrabawa kai ya ɗauke wuta, yana fitowa amsa ta dawo.

In abin ya wuce gona da iri, kamar a yaƙi ko fyaɗe ko mummunan hatsari, yakan kai ga larurar firgici bayan masifa, inda abin ke dawo wa mutum ba tare da ya kira shi ba, a mafarki ko a farke, ƙarar ƙofa ma ta isa ta tayar masa da shi. Roger Pitman da abokansa sun gwada ba waɗanda suka gamu da masifa furofanolol cikin sa'o'in farko a 2002, da fatan rage kafuwar abin, amma gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su zo da sakamako iri ɗaya ba, don haka har yanzu likitoci sun fi dogara da jinyar tattaunawa da ƙwararru, wani lokaci a haɗa da magungunan damuwa.