Cijewar sandar sirdi a keken ƙarfe

Sandar sirdi ita ce bututun da ke ɗauke da sirdin keke, wanda ake zurawa cikin bututun firam a ɗaure shi da noti. Ana cewa ta cije idan an kwance notin amma ta ƙi juyawa, ta ƙi hawa, ta ƙi sauka. Masu gyaran keke a unguwannin zango na Kumasi, irin su Aboabo da Asawase, sun saba da matsalar, musamman a kekunan hom-yus, wato na hannu, da ake shigowa da su ta tashar jiragen ruwa ta Tema, waɗanda wasunsu sun yi shekaru ba a taɓa sirdinsu ba.

Abin da ke jawo ta

Ruwa ne tushenta. Tayar baya tana watso shi daidai tsagar da ke bakin bututun, gumin mahayi ya biyo, su gangara ciki su kwanta. Kumasi kuwa damina biyu gare ta a shekara, ga danshin iska, don haka cikin bututun ba ya saurin bushewa.

Abin da ruwan zai yi ya danganta da irin ƙarfen sandar. Idan ƙarfe ce cikin ƙarfe, kamar a kekunan Phoenix na Sin, tsatsa ce kawai, kuma tana jin mai. Idan alminiyam ce cikin firam na ƙarfe, lamarin ya fi tsanani. Ƙarafa biyu mabambanta da ruwa a tsakaninsu suna zama tamkar ƙaramin batir, kuma alminiyam ɗin ce ke cinyewa. Farin garin da take fitarwa ya fi alminiyam ɗin da ya fito daga gare ta cin wuri, sai ya cika ɗan ratar da ke tsakani, ya matse sandar ta kowane ɓangare. Wannan gari ba ya narkewa da mai. Shi ya sa za a ga yaron shago ya yi kwana uku yana ɗura kananzir babu abin da ya motsa. Maganaɗisu na raba gardama: yana manne wa sandar ƙarfe, ba ya kama alminiyam.

Akwai dalili na uku, wato sandar da ba girman firam ɗin ba ce. Kaurin sanduna ya bambanta, akwai milimita 25.4, akwai 26.8, akwai 27.2, kuma ido ba ya rarrabe na biyun da na ukun. Wanda ya sayi sanda a kasuwa ya buga ta da guduma don ta shiga ya riga ya cije ta tun ranar farko.

Matakai masu sauƙi

Ana cire notin gaba ɗaya, a ɗan buɗa kunnuwan bututun da sukundireba, kaɗan kawai don suna karyewa. Sai a kifa keken, a zuba mai ta cikin gidan da ƙarfen feda ke juyawa, ya gangara ya jiƙa sandar ta ƙasa. Ga sandar alminiyam, ruwan amoniya ya fi mai amfani. Ana barin sa ya kwana ɗaya ko biyu.

Daga nan sai murɗa. A ɗaura tsohon sirdi a yi amfani da shi a matsayin mariƙi. In ya gagara, a matse kan sandar a bais, wato mamatsin ƙarfe da ake kafawa a teburi, keken yana kife, mutum biyu su riƙe firam ɗin su riƙa juya shi dama da hagu suna ɗagawa. Ƙara mai kama da fashewa ita ce alamar ta saki. Wannan hanya ce ta fi yawan cin nasara, amma ƙarfi ya wuce kima yana lanƙwasa sandunan baya na firam. Duka daga sama da guduma ba ya cikin shawara. Ko ya motsa sandar, ƙara nutsar da ita yake yi.

Zafi da sanyi

A nan ne ake yawan kuskure. Alminiyam tana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, don haka hura wa bututun wuta yana ƙara matse ta a lokacin. Abin da ke aiki shi ne akasin haka: a toshe sandar, a cika ta da ƙanƙara don ta tsuke, a zuba wa bututun waje ruwan zafi, a murɗa nan take. Maimaita zafi da sanyi yakan farfasa garin da ke tsakani. Sandar ƙarfe kam ɗumama bututun yana taimaka mata.

Masu walda, waɗanda Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ke cike da su, suna iya narkar da sandar, tunda alminiyam na narkewa a digiri 660 na ma'aunin Selshiyos. Sai dai fenti ya tafi ke nan, kuma mahaɗun firam da aka like da azurfa suna iya saki a kusan wannan zafin.

Yanka da narkarwa

Idan an haƙura da sandar, ana yanke kanta a bar kamar santimita 2 ko 3 a waje. A zura bakin zarton ƙarfe cikin raminta, a yi ta gogawa a tsaye har tsaga ta kai ƙarshenta, sannan a kama bakin da filaya a naɗe shi ciki. Aiki ne na awoyi, kuma masta ba ya barin sabon yaro da shi, domin zarton da ya wuce sanda firam zai ci. Sanda mai kauri takan buƙaci tsaga biyu ko uku.

Hanya ta ƙarshe ita ce soda, wadda masu yin sabulu ke saye a kasuwa. Tana cinye alminiyam ta bar ƙarfe. Ana toshe bakin sandar, a kifa firam, a jiƙa sodar a ruwa, a zuba ta gidan feda, a riƙa sakewa har sandar ta rube, abin da kan ɗauki kwanaki. Haɗarinta ba kaɗan ba ne: tana tafasa da kanta, tana ƙona fata, tana makantarwa, tana ɓata fenti, kuma tana fitar da iskar haidirojin mai kamawa da wuta. A fili ake yi, nesa da murhu da taba da yara, da safar hannu ta roba da tabarau. Soda ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa kan soda. Ba a kusantar firam na alminiyam da ita ko kaɗan.

Bayan cirewa

Ana goge cikin bututun da sanfefa, a duba ko bakinsa ya tsage, a auna shi kafin a sayi sabuwar sanda. A shafe ta da giris, a zura ta har ta wuce layin da aka zana a jikinta, kuma a riƙa fitar da ita ana sake shafawa kafin damina da bayanta.