Fosen: Yadda Gini Ya Riga Shari'a

A Norway, da zarar an yi zancen kafa injinan lantarki masu aiki da iska a yankin makiyayan Sami, 'yan asalin arewacin Turai masu kiwon wata irin barewa ta ƙasashen sanyi, sai sunan Fosen, wani yanki a tsakiyar ƙasar, ya taso. Da yawa sun san maganar ne daga Fabrairun 2023, lokacin da matasan Sami suka tare ƙofofin ma'aikatu a Oslo, babban birnin ƙasar, suna zanga-zanga a kan injinan Fosen. Amma ruwa ba ya tsami banza.

An ba da lasisi a 2010, aka fara gini a 2016, zuwa 2020 injina 151 na juyawa a tsaunukan Storheia da Roan. Ran 11 ga Oktoban 2021 Kotun Ƙoli ta ce lasisin bai inganta ba, domin ya tauye wa Sami haƙƙin raya al'adarsu.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne yadda gini ya gama alhali ana kotu. Dokar karɓar fili don amfanin jama'a a ƙasar ta yarda mai aiki ya shiga fili tun kafin a yanke diyya. Hikimarta ita ce kada aiki ya tsaya saboda jayayyar kuɗi. In an yi hukunci sai a biya. Wannan yana tafiya daidai idan farashi ake ja. Su kuwa makiyayan ba farashi suke ja ba. Tsaunukan nan ne wurin kiwon barewarsu da hunturu: iska na share dusar ƙanƙara daga kan duwatsu, dabba ta samu gansakukar da take ci. Iskar da ta kawo barewa, ita ta kawo injin. Barewar kuma tana gudun inda fukafukan ke juyawa.

Shi ya sa shekaru aka yi ana lissafin asara. A 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙiyasta kusan kurona (kuɗin Norway) miliyan 90 don a killace dabbobin a riƙa ba su abinci da hunturu, abin da Kotun Ƙoli ta ga ya yi nisa da kiwon gargajiya. Sai dai a lokacin an riga an fasa duwatsu, an shimfiɗa hanyoyi, an zuba kankare. Hukuncin ma bai faɗi yadda za a yi da injinan ba.

Sulhun Disamban 2023 da na Maris 2024 tsakanin makiyayan da masu injinan sun bar injinan a tsaye har lasisi ya ƙare. Makiyayan sun samu diyya, da alkawarin ƙarin filin kiwon hunturu, da ikon ƙin amincewa idan aka nemi tsawaita wa'adi.