Bizar Aure da Izinin Zama a Ƙasar Waje: Tambayoyin da Iyalai Ke Yi a Sakkwato

A 'yan shekarun nan ba sabon abu ba ne a ji cewa ango yana Ingila ko Amurka ko Saudiyya, an ɗaura masa aure a Sakkwato, amarya kuma tana gidan iyayenta tana jiran takardu. Jiran yakan kai shekara ko ya wuce, har dangi su fara zargin mijin da sakaci, alhali sau da yawa abin da ya tsayar da tafiyar takarda ɗaya ce da ba a tanada ba tun farko. Ga tambayoyin da iyaye da ma'aurata suka fi yi a kan wannan al'amari.

Idan an ɗaura aure, ba shi ke nan mata ta samu damar bin mijinta ba?

A'a. Aure yana ba ta damar nema ne kawai, hukumar ƙasar da za a je ita ce ke yanke hukunci. Abu na farko da ake dubawa shi ne matsayin mijin a can. Idan ɗan ƙasa ne ko yana da izinin zama na dindindin, matarsa za ta nemi bizar aure. Idan ɗalibi ne ko ma'aikaci mai bizar wucin gadi, matar za ta zauna ne a ƙarƙashin bizarsa, ranar da tasa ta ƙare tata ma ta ƙare. Tun daga Janairun 2024 Birtaniya ta hana mafi yawan ɗalibai ɗaukar iyali, sai masu karatun bincike irin na digirin digirgir da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Saboda haka ba rashin kunya ba ne waliyyi ya tambayi mai neman aure irin takardar da yake zaune da ita, kamar yadda ake tambayar sana'arsa da asalinsa.

Shin waɗannan ƙasashe suna amincewa da auren da aka ɗaura bisa shari'ar Musulunci?

Suna amincewa, domin ƙa'idarsu ita ce auren da ya inganta a ƙasar da aka ɗaura shi ya inganta a wurinsu, kuma dokar Najeriya ta amince da auren Musulunci. Wahalar tana wajen tabbatar da shi. Mu tuna yadda ake yi a nan: bayan an sallame salla jama'a su taru a masallaci ko a ƙofar gida, wakilin ango ya nemi aure, waliyyin amarya ya bayar, a faɗi sadaki a gaban shaidu, liman ya yi addu'a, a raba goro da dabino, kowa ya kama gabansa. Mutum ɗari sun shaida, amma babu wanda ya rubuta komai. Jami'in biza kuwa bai halarci taron ba, abin da ke gabansa a rubuce kaɗai yake karantawa. Don haka ya kamata a karɓi takardar shaidar aure tun a makon ɗaurin auren, mai ɗauke da cikakkun sunaye da kwanan wata da sa hannun shaidu, a kuma yi wa auren rajista a kotun shari'a ko a ƙaramar hukuma. Katin gayyata da hotunan biki da shaidar kuɗin da miji ke aikowa da tarihin hirarsu ta waya duk a adana su, domin da su ake nuna cewa zaman aure ne na gaske.

Akwai wani wuri da al'adarmu ke karo da dokar Amurka. Idan ango bai halarci ɗaurin auren ba, wakilinsa ne ya karɓa yana can ƙasar waje, Amurka ba ta lissafa wannan aure a harkar biza sai an nuna cewa ma'auratan sun haɗu sun tare bayan an ɗaura shi. Tikitin jirgi da hatimin shigowa a fasfo da hotunansu tare su ne hujja. Wanda ya cike fom kafin ya zo gida ya ga matarsa, ya yi asarar kuɗinsa da lokacinsa.

Wasu suna ba da shawarar a je a sake ɗaura aure a rajistar gwamnati, wanda ake kira auren kotu, wai ya fi ƙarfi. A yi hattara, domin wannan aure na mace ɗaya ne a dokar Najeriya: mai wata matar ba ya da ikon yin sa, wanda ya yi shi kuma ba ya da ikon ƙara aure a kansa.

Me ya sa ake yawan dawo da takardu saboda suna ko ranar haihuwa?

Saboda mutum ɗaya a wurinmu yakan amsa suna uku. Yarinya sunanta na yanka Hauwa'u, a gida Kulu, a takardar makaranta an haɗa ta da sunan mahaifi, a fasfo kuma da sunan kaka ko na gari. Usman ya zama Shehu, Muhammadu ya zama Bello. Mu mun san mutum ɗaya ne, kwamfuta ba ta sani ba. Kafin a cike kowane fom, a shimfiɗa fasfo da lambar NIN da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da takardar aure a wuri ɗaya, a bi su harafi bayan harafi. Duk inda aka ga saɓani a gyara shi a hukumance, da takardar rantsuwa ta kotu idan ta kama. Gyaran yana cin makonni, amma bai kai zafin a gano shi ranar ganawa ba, bayan an yi doguwar tafiya daga Sakkwato zuwa Legas.

Yaya matakan suke, kuma me ake buƙata na kuɗi?

A Amurka miji ne ke fara shigar da fom I-130 a hukumar shige da fice ta USCIS. Idan an amince, sai fayil ya wuce cibiyar biza ta ƙasa, inda ake biyan kuɗi da miƙa takardu, har da fom I-864 wanda a cikinsa miji ke ɗaukar alkawarin ciyar da matarsa, yana nuna cewa samunsa ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na ƙasar. Daga nan sai gwajin lafiya, da takardar 'yan sanda mai nuna cewa ba ta da tarihin laifi, da ganawa a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas. Sai dai ƙofar Amurka ga 'yan Najeriya tana buɗewa tana rufewa: an dakatar da bizar ƙaura a 2020, an ɗage a 2021, sannan a ƙarshen 2025 aka sake sanya Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa biza. Kada a kashe ko sisi sai an duba shafin ofishin jakadancin an ga halin da ake ciki.

A Birtaniya sharaɗin da ya fi kayar da mutane shi ne na kuɗi. Tun daga Afrilun 2024 dole miji ya nuna samun fam 29,000 a shekara, a maimakon fam 18,600 na da. Dole dukkansu su kai shekara 18, matar ta ci jarrabawar Turanci ta matakin farko, ta yi gwajin tarin fuka a asibitin da aka amince da shi, a kuma biya kuɗin kiwon lafiya na tsawon bizar. Jarrabawar Turancin ta magana ce da saurare, kuma amaryar da ke zaman jira tana iya shirya mata a watannin da take gida.

Mai mata biyu ko uku fa?

Amurka da Birtaniya ba sa ba da bizar aure ga mace fiye da ɗaya. Amurka ma matar farko kaɗai take lissafawa muddin aurenta yana nan. Ɓoye uwargida a fom, ko rubuta takardar saki ta ƙarya, yaudara ce da kan jawo haramcin shiga na har abada, ga kuma haƙƙin matar da aka share sunanta da na 'ya'yanta. Haka nan auren takarda da dillalan biza ke haɗawa: hukuncinsa a Amurka yana kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar dala 250,000.

Idan ta isa can, yaushe zamanta zai zama na dindindin?

A Amurka, idan auren bai cika shekara biyu ba ranar da ta shiga, katin zama na shekara biyu mai sharaɗi za a ba ta, kuma a cikin kwana 90 na ƙarshe sai su shigar da fom I-751 don a cire sharaɗin. Idan ya cika, katin shekara goma ne kai tsaye. A Birtaniya bizar farko ta wata 33 ce, a sabunta ta na wata 30, bayan shekara biyar ta nemi zaman dindindin, da jarrabawar Turanci mai zurfi da ta sanin rayuwar ƙasar.

A nan nake roƙon iyaye su kula. Yarinyar da ba ta taɓa wuce Gusau ba ce za ta sauka ƙasar da ba ta da kowa, kuma zamanta ya rataya a kan aurenta. Kafin ta tafi, a tabbatar fasfonta yana hannunta, tana da kwafin duk takardunta, ta san ranar da bizarta ke ƙarewa. Ta kuma san cewa ƙasashen biyu sun tanadi hanyar da matar da mijinta ke cutarwa za ta nemi izinin zama ita kaɗai, ba da sa hannunsa ba, don kada a riƙa tsoratar da ita da kora ta yi ta haƙuri da duka.

Saudiyya kuma fa, da matar da aka auro daga Nijar?

A Saudiyya aure da baƙon ma'aikaci ba ya kai mace ga zaman dindindin. Iƙamarta, wato takardar izinin zamanta, tana bin ta mijinta, kuma tun 2020 ana biyan riyal 400 kowane wata a kan kowane mutum na iyali. Shiga da bizar umara a ƙi fita ba hanya ba ce, ƙarshenta kamu ne da kora.

Auratayya tsakanin Sakkwatawa da mutanen Ƙonni ko Tawa kuwa ta girmi iyakar Illela, shi ya sa ba a cika tunanin takarda ba. Amma Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025, don haka ya fi kyau a daidaita matsayin matar. Sashe na 26 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya damar neman zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista, kuma ana shigar da buƙatar ne a Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Baƙon da ya auri 'yar Najeriya ba a ba shi wannan dama ba, sai dai ya nemi izinin zama a Hukumar Shige da Fice.