Zoben awo na ƙaramar fariza: tambayoyi da amsoshi

Ƙaramin injin sassaƙar ƙarfe na kan benci, wanda a Sina'iyyar Jidda, wato unguwar masana'antu, kowa ke ce wa fariza, ba ya da wuyar kunnawa. Inda masu koyo ke ɓata aiki shi ne wajen karanta zoben nan mai zane-zane da ke bayan hannun juyawa.

Idan na juya hannu sau ɗaya, tafiyar teburin da ake ɗaure ƙarfe a kai nawa ce?

Daidai tazarar da ke tsakanin haƙori da haƙori a jikin dogon sukurun da ke ƙarƙashin teburin. Ka raba wannan tazara da yawan zanen zoben, abin da ya fito shi ne darajar zane ɗaya. A fariza samfurin Sieg X2 mai awon milimita, tazarar 1.5 ce, zane 75, kowane zane 0.02. A samfurin Sherline mai milimita kuwa tazarar 1 ce, zane 100.

Zoben nawa injin ya tsaya a 62 da rabi. Kuskuren kamfani ne?

A'a, na inci ka saya. Sukurunsa haƙora 16 ne a kowane inci, don haka juyi ɗaya 0.0625 ne na inci, wato zane 62 da rabi, kowane zane 0.001 na inci. Rabin nan shi ne fitinar: juyi ɗaya 62.5, biyu 125, uku 187.5, kafin ka je na bakwai lissafi ya kwance maka. Mai haƙora 20 ya fi daɗin aiki, zane 50 cif. A nan Saudiyya kuma zanen aiki da milimita yake zuwa, sai ka riƙe cewa juyi ɗaya na mai haƙora 16 milimita 1.5875 ne. Wanda ya ɗauke shi a matsayin 1.5, cikin juyi 20 ya zarce da 1.75, ramin noti ya riga ya kauce.

Ta yaya zan gane irin sukurun da nake da shi?

Kada ka dogara da lambobin zobe, inda hannu ya juya zuwa kawai yake nunawa, ba ainihin tafiyar teburi ba. Juya gaba kaɗan har teburi ya motsa, saita zoben a sifiri, yi alama, ka yi juyi 10 cif, sannan ka auna tafiyar da kalifa, wato ma'aunin nan mai baki biyu. In ka ga milimita 15, na 1.5 ne. In 15.88 ne, mai haƙora 16. In 12.7, mai haƙora 20.

Me ya sa in na koma baya zobe ke tafiya amma teburi yana tsaye?

Lako-lakon da ke tsakanin sukuru da notinsa ne, kuma kowace fariza tana da shi. Maganinsa ka riƙa tunkarar lambarka ta gefe ɗaya kullum. In ka wuce, koma baya rabin juyi ko fiye, ka sake tahowa. Kada ka ɗaure notin tam don kashe shi, sai hannu ya yi tauri, notin ya cinye da wuri. In ka isa lambar, ka kulle teburin ta hanyar da ba ka son ya bi kafin wuƙa ta taɓa ƙarfe, in ba haka ba za ta ja teburin.

Ina son tafiyar milimita 40 a sukurun 1.5.

Juyi 26 ya ba ka 39. Saura milimita 1, zane 50 ke nan. Ka riƙa ƙirga juyin da baki, don zobe ba zai gaya maka ko kana na 25 ko na 26 ba.